Filin Tambaya da Amsa: Gero ya yi kyau, amma irin ne ya jawo ko damina?

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, biyu daga Jigawa ɗaya daga Kano, kuma ko da yake wata a kan gona take wata a kan aji, abu ɗaya suke nema: idan mutum ya gwada sabon abu ya ga canji, ta yaya zai tabbatar cewa abin da ya gwada ɗin ne ya kawo canjin? Mun taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ni malamin gona ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Gumel. Bana an ba ni sabon irin gero mai saurin nuna domin a gwada shi, sai muka zauna da mai unguwa muka zaɓi manoma 20 waɗanda kowa ya san ba sa wasa da gona, muka raba musu. Mutum biyu sun yi binne, wato shuka kafin ruwa ya sauka, aka yi yayyafi ruwa ya ɗauke, shukarsu ta mutu, don haka na cire su daga lissafi. Sauran 18 sun faɗa mini yawan damin da suka ɗaure, kuma da na gwada da abin da suka ce sun samu bara da irin gida, sai na ga ƙarin kusan kashi ɗaya cikin uku. Na rubuta rahoto cewa sabon irin ya fi na gida, amma ƙanena da ke karatu a jami'a ya ce rahoton ba zai tsaya a gaban masana ba. Ni kuwa da idona na ga geron. Ina matsalar take?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, babu mai ja da abin da idonka ya gani, gero ya yi kyau, Allah ya ƙara albarka. Sai dai rahotonka bai tsaya a kan cewa gero ya yi kyau ba, ya ce irin ne ya jawo, kuma wannan magana tana buƙatar amsar wata tambaya da babu wanda ya taɓa gani da ido: da waɗannan manoma sun shuka irin gida a bana, a waɗannan gonaki, da wannan ruwan, me za su samu? Duk wani tsari na gwaji ƙoƙari ne na samar da abin da zai tsaya a madadin wannan amsa da ba a gani, kuma duk wani dalili da zai iya bayyana ƙarin amfanin ba tare da irin ba shi masu bincike ke kira barazana ga ingancin gwaji. A shekarar 1963 wasu masana biyu na Amurka, Donald Campbell da Julian Stanley, sun jera irin waɗannan barazana guda takwas, kuma har yau da jerin nasu ake fara koyar da ɗalibai. A cikin wasiƙarka na hango biyar, wasu daga jerin nasu, wasu daga abin da aka ƙara daga baya.

Babbar cikinsu ita ce ka gwada bana da bara. Tsakanin damina biyu ba iri kaɗai ya canza ba, domin lokacin saukar ruwa ya canza, yawansa da yadda ya rarrabu sun canza, farashin taki ya canza, kuma jan baki ko tsutsa na iya sauka shekara guda su bar ta gaba. Wanda ya gwada shinkafar 2022 da ta 2023 a Auyo ko Haɗeja zai ga bambanci mai girma ko da bai sauya komai ba, saboda ambaliyar 2022 ta cinye gonaki da yawa a wannan yanki. Wanda ya fara gwajin wata dabara a noman rani kafin watan Mayun 2023 ya ƙarasa bayansa, ya haɗu da cire tallafin man fetur, wanda ya sa manoma da yawa suka rage ban ruwa don injin ya fi ƙarfin aljihunsu. Haka tsutsar nan mai cin masara da aka fara gani a Najeriya a 2016 ta ɓata lissafin duk wanda ke gwada masarar shekarar da ta shekarun baya. Saboda haka tambaya ta farko da ya kamata ka yi wa kanka mai sauƙi ce: maƙwabtan waɗannan manoma da suka shuka irin gida a bana, su ma sun samu ƙari a kan bara? Idan sun samu, to wani kaso na ƙarin da ka rubuta wa irin, na damina ne.

To amma ko gwadawa da maƙwabta ba za ta fisshe ka gaba ɗaya ba, saboda yadda kuka yi zaɓe. Kun ɗauki waɗanda ba sa wasa da gona, wato masu yin firi a kan kari, masu kai takin gida da amalanke tun rani, masu hannu da shuni da za su ɗauki 'yan ƙwadago idan ciyawa ta taso. Irin waɗannan mutane sun fi maƙwabtansu samu ko da tsakin gero aka ba su, don haka idan suka zarce sauran gari ba za ka iya raba ƙoƙarinsu da ƙoƙarin irin ba. Ba na ganin laifinku kai da mai unguwa, domin duk wanda aka ba iri kaɗan zai so ya damƙa shi a hannun da ba zai tozarta shi ba, kuma wannan kyakkyawar niyya ta sha ɓata manyan gwaje-gwaje. A shekarar 1930 aka yi wani gwaji a yankin Lanarkshire na Sikotilan da yara 'yan makaranta 20,000, rabinsu ana ba su madara kullum na tsawon wata huɗu, rabi ba a ba su, domin a ga tasirinta ga tsawo da nauyi. An ce a raba yaran ta ƙuri'a ko ta jerin haruffan sunayensu, amma aka bar wa malamai damar yin gyara idan suka ga rabon bai daidaita ba, sai tausayi ya sa suka riƙa tura yara ramammu 'ya'yan talakawa cikin masu shan madara. Da aka duba awon farko, sai ga shi tun kafin a sha ko kurɓi ɗaya, waɗanda ba a ba madara ba sun fi tsawo da nauyi. Masanin ƙididdiga William Gosset ya fito da wannan aibi a 1931, ya kuma lura da wani: an auna yaran da tufafinsu a watan Fabrairu cikin sanyi, aka sake auna su a watan Yuni da tufafi marasa nauyi, alhali 'ya'yan masu hali ne suka fi sa kayan sanyi masu kauri, wanda ke nufin su suka fi yin asarar nauyin tufafi a awo na biyu, kuma tunda sun fi yawa cikin waɗanda ba a ba madara ba, hakan ya kambama tasirin madarar. Yara 20,000 da kuɗi masu yawa, amma sakamakon ya kasa ɗaukar hukuncin da aka so a ɗora masa.

Maganar tufafin nan ta kawo mu ga damin da ka ƙirga. Dami ba ma'auni ba ne tsayayye, domin wani yakan ɗaure shi har sai mutum biyu sun ɗora wa mai ɗauka, wani kuma yaro ma ya ɗauka, sannan irin da zangarniyarsa gajera ce mai cika ba zai ba da tiya daidai da mai doguwar zangarniya ba ko da girman damin ɗaya ne. Ga kuma abin da ya fi wannan: adadin bara daga tunawa ya fito, kuma mutumin da aka ba iri kyauta, wanda kuma yake fatan a sake ba shi baɗi, yana iya rage na bara ya ɗan ƙara na bana ba tare da ya ɗauka ƙarya yake yi ba, kawai don kada ya kunyata malamin gona. Abin dogaro shi ne a auna faɗin wurin da igiya, a girbe, a bari ya bushe, a sussuke, a sheƙe, a ɗora tsabar a kan sikeli ɗaya.

Mutum biyun da ka cire kuwa, a mayar da su. Idan sabon irin ba ya jure binne kamar yadda irin gida ke jurewa, to mutuwar shukarsu tana cikin halin irin, kuma ita ce labarin da manomin arewacin Jigawa ya fi buƙatar ji, tunda binne al'ada ce a wurin. Idan kuwa ko wane iri ne zai mutu a wannan yanayi, ba ka da hanyar sani, domin ba ka ajiye na gida kusa da shi ba. Duk lissafin da ya zubar da waɗanda suka faɗi ya riƙe waɗanda suka ci, dole ya fito da kyau.

Saura ɗaya, wadda a ganina ita ce mafi ɓoyuwa. Manomin da aka ba sabon iri ba ya kai shi gonar jeji, yakan shuka shi a gonar karkara ta bayan gida wadda ke shan shara da toka da kashin awaki kowace shekara, ya fara nome ta kafin sauran, ya ƙara mata taki, ga kuma kai da kake leƙowa a kan babur duk mako ana zagayawa tare. Ana danganta sanin wannan hali da binciken da aka yi a masana'antar Hawthorne kusa da Shikago tsakanin 1924 da 1932, inda aka ce ma'aikata sun ƙara ƙwazo saboda sun san ana lura da su, ko da yake waɗanda suka sake duba alƙaluman daga baya sun nuna an kambama labarin. Misalin da ya fi kusa da aikinka daga Tanzaniya ya fito, a wani bincike da aka wallafa a 2014 kan irin wake. An ba wasu manoma iri aka faɗa musu ko sabo ne ko na gargajiya, wasu kuma aka ba su ba tare da sun san wanne suka karɓa ba, domin an sa iri biyun sun yi kama. A cikin waɗanda suka sani, masu sabon iri sun zarce masu na gargajiya, amma a cikin waɗanda ba su sani ba, bambancin ya kusa ɓacewa, saboda kowa ya kula da gonarsa da zaton sabon ne a hannunsa.

Maganin yawancin waɗannan ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, kuma a gona aka fara gano shi. Ronald Fisher, wanda ya kama aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila a 1919, shi ya kafa ƙa'idojin da cibiyoyin binciken noma irin ta Samaru da ke Zariya ke bi har yau: a maimaita gwaji a wurare da yawa, a gwada abu da ɗan'uwansa a ƙasa mai kama da juna, sannan a bar ƙuri'a ta yanke wanne zai faɗa ina. Baɗi, in Allah ya kai mu, ka je gonar kowane manomi kafin shuka, ku ware wuri guda ku raba shi gida biyu daidai, kuna kauce wa a ce gawo ko shuri ko tsohon makwancin shanu ya faɗa ɓangare ɗaya, domin kowa ya san yadda gero ke tashi a gindin gawo. Ka rubuta “sabo” a wata 'yar takarda, “na gida” a wata, ka naɗe su ka jefa cikin hula, a kira yaro ya ɗauko ɗaya, abin da ya fito shi za a shuka a ɓangaren gabas, kuma ba a sakewa ko da mai gona ya ɓata rai. A shuka rana ɗaya, a nome rana ɗaya, taki ɗaya. Lokacin girbi a bar kunyoyin gefe, a ɗauki na tsakiya, kuma mai riƙe sikeli ya kasance bai san buhun da ya fito daga wane ɓangare ba. Ta haka manomi ɗaya, ƙasa ɗaya da ruwa ɗaya sun hau kan iri biyun, kuma gonaki 20 sun zama maimaici 20. Ka nemi sabon iri daga tushe, kada ka yi amfani da wanda manoman suka ajiye daga girbin bana, saboda gero iska ke kai masa barbara daga gona zuwa gona, kuma wanda aka ajiye ya riga ya gauraya da na maƙwabta.

Rahoton bana kuma kada ka yaga shi. Ka gyara shi ya faɗi abin da aka yi: manoma 20 da aka zaɓa saboda ƙwazonsu, biyu shukarsu ta mutu bayan binne, 18 sun ba da rahoton ƙari a kan bara bisa ƙirgen dami, sun kuma ce kaza game da saurin nuna, ɗanɗanon tuwo da fura, da yawan kara. Wannan bayani ne mai amfani ga masu shirya gwaji na gaba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni malamar firamare ce a wani ƙauye a ƙaramar hukumar Rano, ina kuma karatun digiri na hutu. Don aikin bincikena na kammalawa, na yi wa 'yan aji uku jarrabawar karatun Hausa, na ware 25 da suka fi kowa faɗuwa, na koyar da su da katunan gaɓoɓin kalma na zango guda, sannan na sake ba su takardar jarrabawar nan. Matsakaicin makinsu ya tashi daga 20 zuwa 38, ko da yake huɗu ba su zo ranar jarrabawa ta biyu ba. Malamin da ke duba aikin ya mayar mini da shi ya ce ban nuna katunan ne suka yi aiki ba. Don Allah a yi mini bayani.

AMSA: Malama, sannu da ƙoƙari, kuma malaminki ya yi miki gata da ya tsayar da ke tun yanzu. Mai yiwuwa ne ƙwarai katunan sun taimaka, amma tsarin da kika bi zai nuna ƙari ko da ba ki koyar da komai ba, kuma babban dalilin yana cikin yadda kika ware yaran.

Makin da yaro ya ci a rana guda haɗin abu biyu ne, abin da ya iya da kuma yadda ranar ta zo masa. Wani ya kwana da zazzaɓi, wata ta zo ba ta karya ba bayan ta yi sawu uku a rijiya, wani ya ruɗe don bai taɓa ganin takarda bugaggiya ba, wani kuma ya yi canke ya dace. Idan kika tsinci waɗanda suka zo ƙarshe, kin tara masu rauni na gaskiya tare da waɗanda ranar ce kawai ta juya musu baya, kuma tunda rashin sa'a ba ya bin mutum ɗaya kullum, da za ki sake jarraba su bayan mako guda ba tare da darasi ko ɗaya ba, matsakaicinsu zai ɗaga. Da kuma na sama kika ware, nasu sauka zai yi. Francis Galton ne ya bayyana wannan a 1886 lokacin da ya gwada tsawon iyaye da na 'ya'yansu a Ingila, ya ga 'ya'yan dogaye sosai dogaye ne amma galibi ba su kai iyayensu ba, 'ya'yan gajeru sosai kuma sun ɗan fi nasu iyayen, wato abin da ya yi nisa da matsakaici yakan ja baya zuwa gare shi a awo na gaba. Kamar mai mura ne da ba ya neman magani sai ranar da ta fi tsananta, washegari ya ji sauƙi ya yaba wa maganin, alhali daga ƙololuwa dama sauka ake yi.

Bayan wannan, zango guda lokaci ne mai tsawo a rayuwar ɗan shekara takwas ko tara. Yana girma, yana zaune a sauran darussa, yana zuwa makarantar allo ko Islamiyya inda yake saba wa haɗa baƙi da wasali, kuma duk wannan yana ƙara masa karatu ba da katinki ba. Sannan takardar da kika maimaita ita kanta darasi ce, domin wanda ya taɓa ganin tambaya ya san inda aka dosa, wataƙila ma sun tattauna amsoshin a hanyar gida. Saboda wannan matsala ce Richard Solomon ya fito da tsari mai rukuni huɗu a 1949, inda ake barin rukuni biyu ba a yi musu jarrabawar farko ba don a auna tasirin jarrabawar ita kanta. Ba na ba ki shawarar wannan da aji ɗaya, yaran ba za su isa ba, ya wadatar ki shirya takarda ta biyu mai kalmomi dabam amma nauyi ɗaya.

Ki kuma tambayi kanki su wane ne huɗun da ba su zo ba. A makarantun ƙauye, yaran da ke ɓacewa ranar kasuwa ko lokacin roron gyaɗa, ko waɗanda ake ɗora wa talla, galibi su ne dama suka fi fashi, kuma su ne karatunsu ya fi rauni. Idan makin farko na yara 25 ne, na biyu kuma na 21, to ba abu ɗaya kika gwada ba, fitar masu rauni huɗu kaɗai tana ɗaga matsakaici. Ki bi su gida ko ki sa musu wata rana, in kuma ya gagara, ki faɗi adadinsu da makinsu na farko a fili. Game da maki kuma, ke kika ƙirƙiro katunan, ke kika koyar, ke kika duba, kuma duk amanar mutum, idan yaron da ya sha wahala a kansa ya yi in'ina a kalma, hannunsa yakan karkata wajen ba shi maki. Ki rufe sunayen, ki sa lamba, ki ba wata malama ta duba.

Gyaran tsarin shi ne ki ɗauki yara 40 ko 50 na ƙasa, ki raba su gida biyu ta ƙuri'a, rukuni ɗaya ya yi katuna, ɗayan ya sami ƙarin lokaci daidai da nasu amma da hanyar da aka saba, domin kada ƙarin kulawa kaɗai ya zama shi ne bambancin. Komawa matsakaici, girma da sabo da jarrabawa duk za su shafi rukuni biyun daidai, saboda haka abin da ya rage tsakaninsu ne za ki iya jingina wa katunan. Akwai abin da ba za ki iya toshewa ba: yaran unguwa ɗaya ne, wasu ma gida ɗaya, za su nuna wa juna katunan. Michael Kremer da Edward Miguel sun gamu da irin wannan a yammacin Kenya, a binciken da suka wallafa a 2004 kan maganin tsutsar ciki a makarantu 75, inda suka ga yaran da ba a ba magani ba su ma sun amfana don yaɗuwar cutar ta ragu a kewayensu. Irin wannan yoyo rage bambanci yake yi, ba ƙara shi ba, don haka idan kika ga rata duk da shi, hujjarki ta ƙara ƙarfi, idan kuwa ba ki gani ba, sai ki ambace shi cikin iyakokin bincikenki. Da zango ya ƙare, ki ba rukuni na biyu katunan su ma.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ne shugaban ƙungiyar manoma a garinmu cikin ƙaramar hukumar Kafin Hausa. Wasu masu bincike sun zo da wata dabarar sa taki, sun ce mutum 60 za su ɗauka cikin 120, kuma ƙuri'a za a yi. Dattawa suna cewa wannan caca ce, a bar mu mu zaɓi mabuƙata. Wasu kuma suna cewa tunda an riga an gwada a Samaru, me ya sa za a sake gwadawa a kanmu?

AMSA: Allah ya ja zamanin shugaba. Hukuncin shari'a na malamai ne, kuma ya kyautu ku kai wa limaminku maganar, amma abin da yake sananne shi ne mai caca yana zuba dukiyarsa don ya ci ta wani, a nan kuwa babu wanda ya zuba komai, kuma wanda sunansa bai fito ba yana nan yadda yake. An ambaci ƙuri'a a Alƙur'ani a ƙissar renon Nana Maryamu cikin Suratu Ali Imrana da ƙissar Annabi Yunusa cikin Suratus Saffat, kuma ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin iyalansa idan zai yi tafiya. Idan masu haƙƙi sun yi daidai kuma abin rabo bai isa ba, ita ce hanyar da ba ta san ɗan wane ba. Haka aka yi a Birtaniya a gwajin maganin tarin fuka na Streptomycin da aka wallafa a 1948, lokacin da maganin ya yi ƙaranci ƙwarai: Austin Bradford Hill ya tsara rabon marasa lafiya 107 ta lambobin sa'a da aka rufe cikin ambulan, ta yadda likita ba shi da ikon tura wanda ya fi tausaya wa ko wanda ya fi sa ran zai warke. Idan ku kuka zaɓi mabuƙata, za a ƙare da rukuni biyu da suka bambanta tun farko a ƙarfi da gona da taki, kuma ba wanda zai san abin da dabarar ta yi. Idan kuna tsoron kada marasa ƙarfi su tashi a tutar babu, ku nemi a kasa mutane kashi-kashi, masu ƙaramar gona dabam, masu babba dabam, mata dabam, a yi ƙuri'a cikin kowane kashi, wannan ma ƙara wa gwajin inganci yake yi.

Tambaya ta biyu ta taɓo wani ɓangare na inganci da bai shafi ko gwajin ya yi daidai a inda aka yi shi ba, ya shafi ko sakamakonsa zai yi tafiya zuwa wani wuri. Samaru tana samun ruwan da ya kai milimita 1,000 a shekara, yayin da arewacin Jigawa sau da yawa ba ya kai 700, ƙasar can ta fi riƙe ruwa a kan rairayin da ke yawancin gonakin tudu na wajenku, kuma gonar cibiya tana da ma'aikata da taki a kan lokaci, ba ta jiran a sayar da akuya kafin a yi maimai. Takin da ya yi amfani inda ƙasa ke da laima yana iya ƙona shuka idan aka sa shi ruwa ya ɗauke kwana goma. Don haka sake gwadawa a gonakinku, da hannunku da ƙarfinku, shi ne zai nuna ko dabarar ta dace da ku.

Kafin ku amince, ku nemi a yi ƙuri'ar a bainar jama'a a ƙofar mai gari, a karanta sunaye 120 ɗin kowa ya ji kafin a jefa su, a bayyana wa kowa cewa shiga ba dole ba ce kuma yana iya janyewa, a faɗi wanda zai ɗauki asara idan dabarar ta rage amfani, a auna gonakin waɗanda ƙuri'a ba ta faɗa musu ba da kulawa daidai da ta sauran, sannan a sa ranar da masu binciken za su dawo su karanta muku sakamakon da Hausa, ko ya yi daɗi ko bai yi ba.